Idan ruwa ya zube, tulun ma ya fashe: fashin baƙi a kan kalmar "catastrophe"

Kwanaki kaɗan bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, lokacin da ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare ya mamaye unguwanni da kasuwa da asibiti har da gidan namun daji, ɗan yayata ya same ni a zaure da waya a hannu. Yana ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, kuma yana cikin yaran nan da ba sa tsallake kalma sai sun ga kanta da gindinta.

"Kawu," in ji shi, "labarin nan na Maiduguri, wata jarida ta ce disaster, wata ta ce catastrophe. Da na kunna na Hausa kuma, bala'i kawai na ji an ce. Duk abu ɗaya ne, ko dai Turawa ne da son tara kalmomi?"

Na ce masa ya fara gyara bakinsa tukuna, don "katastirof" ya ce, ya haɗiye wutsiyar kalmar. Ba laifinsa ba ne. Tun a firamare aka koya masa cewa harafin e na ƙarshen kalmar Turanci shiru yake yi, kamar a name da home. To wannan tana cikin 'yan tsirarun da ba su bi wannan doka ba, saboda daga Girkanci suka fito. Gaɓa huɗu gare ta: ka-TAS-tro-fi, kuma a gaɓa ta biyu ake danna murya. Haka 'yan'uwanta apostrophe da epitome da hyperbole, duk ana kiran e ɗinsu na ƙarshe. Haruffan ph kuwa f ne, wanda ba ya ba Bahaushe wahala. Idan aka mayar da kalmar siffa, ta zama catastrophic, sai dannawar ta ƙaura zuwa gaɓa ta uku: ka-tas-TRO-fik. A nan ne masu karanta labarai da yawa ke tuntuɓe. Wajen rubutu kuma, ba y ba ce a ƙarshe, e ce, jam'inta kuwa s kawai ake ƙarawa.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne nauyin kalmar, kuma ba a gane nauyinta sai an koma inda ta taso.

A Girkanci kalmomi biyu aka haɗa: kata, mai nufin ƙasa ko gangarowa, da strephein, mai nufin juyawa. Idan aka gama su, abin da ya fito shi ne kifewa, a juya abu samansa ya koma ƙasa. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji ƙissar mutanen Annabi Luɗu ya riga ya san hoton da ke cikin kalmar nan, ko da bai taɓa jin ta ba. A Suratu Hud aya ta 82 an ce an mayar da saman alƙaryarsu ƙasanta, kuma Alƙur'ani ya kira garuruwan nan al-mu'utafikat, wato kifaffu. Da Yahudawan Iskandariyya suka fassara Attaura zuwa Girkanci, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, kalmar da suka sa a wurin halakar waɗannan garuruwa ita ce katastrophe. Ke nan tun asali ba adadin gawa kalmar ke ƙirgawa ba. Yanayin abin take siffantawa: wuri yana tsaye da safe, kafin yamma ya kife, babu kuma mai sake tayar da shi yadda yake.

Amma ba ta wannan ƙofar ta shiga Turanci ba. Ta dandalin wasan kwaikwayo ta shiga, a ƙarni na 16. Malaman nahawu na Rum sun kasa wasa kashi-kashi, akwai shimfiɗa, akwai inda labari ke cukurkuɗewa, sai kuma juyin ƙarshe da ke warware komai. Wannan juyin ƙarshen shi suka kira catastrophe. Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne, a wasan ban dariya ma sunansa ke nan, ko da aure ne aka ɗaura aka tashi ana guɗa. Sannu a hankali, da yake wasannin da suka fi zama a zukatan mutane su ne masu ƙarewa da mutuwar jarumi, sai baƙin ya rinjayi farin. A ƙamusun da Samuel Johnson ya fitar a 1755, ma'anar wasan kwaikwayon ce har yanzu a gaba, sannan ya biyo da ma'anar ƙarshen al'amari wanda galibi ba ya yin daɗi. A ranar 1 ga Nuwamban wannan shekara kuwa girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin Fotugal, teku ta taso ta bi bayanta, gobara ta cinye abin da ya rage, dubun-dubatar mutane suka mutu. A cikin wannan ƙarni na 18 ne ma'anar gagarumin bala'i ta kafu, har ta danne ta farko.

Ta dai taho da gadonta daga dandali. Catastrophe fitowar ƙarshe ce. Bayanta sai a sauke labule.

Maƙwabtanta a Turanci kowace da tata fuskar. Disaster daga Italiyanci da Faransanci ta zo, kuma asalin ma'anarta muguwar tauraruwa, tun zamanin da Turawa ke duba taurari su ce wane tauraronsa ya ɓaci. Ita ce kalmar yau da kullum, ita ce ta ofis da ta doka. Calamity daga Latin take, tana da ƙanshin tsohon littafi da wa'azi, kuma ta fi karkata ga wahalar da mutane ke sha. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci suna yawan kai hannu gare ta idan suka zo kan musiba ko al-ƙari'a. Cataclysm ma Bagirkiya ce, ma'anarta ruwa mai wanke ƙasa, kuma da ita waccan tsohuwar fassara ta kira ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Yau ana kawo ta ga abin da ya girgiza duniya baki ɗaya, irin yaƙin duniya. Tragedy kuwa ba girma take aunawa ba, zafi take aunawa. Mutuwar amarya a daren kai ta ɗaki tragedy ce, ko da mutum ɗaya ne.

Ba wai akwai katanga tsakanin kalmomin nan a bakin Bature ba. Ɗan jarida ɗaya zai iya kiran abu disaster a sakin layi na farko, ya kira shi catastrophe a na uku, don kawai kada ya maimaita. Amma idan ka sa su kan sikeli, kowa ya san wadda ta fi nauyi. Za ka ji Bature ya ce wa ƙaramin abu minor disaster ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. In ya ce minor catastrophe, to akwai ɗan murmushi a ciki, kamar Bahaushe ya ce "ɗan ƙaramin tashin alƙiyama".

Mu kuma namu kalmomin wani gefe suke duba. Bala'i daga Larabci yake, asalinsa jarrabawa. Ibtila'i, wanda bakinmu ya mayar iftila'i, tushensu ɗaya. Masifa da musiba kalma ɗaya ce, abin da ya sami mutum, kuma duk wanda ya ji ta ya san abin da ake faɗa bayanta, kamar yadda aya ta 156 ta Suratul Baƙara ta koyar. Tsautsayi shi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Annoba ta cuta ce mai yaɗuwa. A lura da kyau: kusan dukansu suna gaya maka daga ina abin ya zo da yadda ya kamata ka karɓe shi, ba sa gaya maka girmansa. Shago ɗaya ya ƙone, iftila'i. Gari ya nutse, iftila'i. Shi ya sa mai fassara ke rasa abin kamawa, sai ya jingina "mummunan" ko "gagarumin" a gaba ya wuce. Ni ma na yi haka sau ba adadi, musamman idan lokacin shiga labarai ya matso. Amma "mummunan bala'i" ya sha aiki har ya koɗe. Wane bala'i ne kyakkyawa?

Abin da na ga ya fi kama bambancin a Hausa ba kalma ba ce, karin magana ce. Hausawa na cewa idan ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Ana faɗin haka ga wanda ya yi asara amma abin da zai sake nema da shi yana nan: amfanin gona ya lalace amma gonar tana nan, cikin ya zube amma uwar ta tashi. To disaster ita ce zubewar ruwa, komai yawansa. Catastrophe ita ce ranar da tulun ya fashe.

Shekarar 1986 kaɗai ta isa a gwada wannan ma'auni. A ranar 26 ga Afrilu, tukunya ta huɗu ta tashar nukiliya ta Chernobyl, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyat, ta fashe. Waɗanda suka mutu a take da cikin watannin farko kimanin 30 ne. Haɗarin tirela ɗaya a hanyar Kaduna na iya kashe fiye da haka. Duk da haka babu mai jayayya cewa catastrophe ce, domin washegari aka kwashe mutanen garin Pripyat, kusan 50,000, aka ce musu na kwana uku ne, har yau ba su koma ba. An killace kilomita 30 kewaye da tashar. Gonaki, makarantu, maƙabartun iyaye, duk an bar su. Wata huɗu bayan haka, a daren 21 ga Agusta, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya yi aman iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, yawancinsu suna barci. Cikinsu akwai Fulani makiyaya da garkunansu. Babu gidan da ya rushe, amma ƙauyuka sun wayi gari babu mai binne wani. Ɗaya ta kashe kaɗan ta kwashe ƙasa, ɗaya ta bar ƙasa ta kwashe mutane. A duka biyun tulun ne ya fashe.

Saboda wannan nauyi ne wasu al'ummomi suka ɗauki kalmar, ko takwararta a harshensu, suka mayar da ita sunan yanka na abu guda a tarihinsu. Falasɗinawa na kiran abin da ya same su a 1948 Nakba, lokacin da mutum fiye da 700,000 suka rabu da gidajensu, aka share ƙauyuka sama da 400, kuma suna tunawa da ita kowace 15 ga Mayu. Idan aka fassara Nakba zuwa Turanci, catastrophe ake cewa, da babban baƙi. Larabawan ba su ba shan kashin da suka yi a hannun Isra'ila a yaƙin 1967 wannan suna ba. Naksa suka kira shi, wato koma-baya, kuma duk mai jin Larabci ya san tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu. Yahudawa na kiran kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi musu Shoah, ita ma ma'anarta ke nan. Su kuwa Girkawa, masu kalmar, idan suka ce Katastrofi kawai ba su ƙara komai ba, 1922 suke nufi: shekarar da sojojinsu suka sha kashi a Anatoliya, cikin Turkiyya ta yau, birnin Smyrna, Izmir ta yau, ya ƙone, daga baya kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar da kakanninsu suka zauna shekaru dubbai. Mu ma muna da irin wannan ɗabi'a, sai dai mu laƙabi muke raɗawa. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce a bakin tsofaffi, ta 1984 kuma mutanen Nijar suka sa mata El Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Bala'in da ya kai a raɗa masa suna, ana lissafin haihuwa da aure daga shi, to ya kai matsayin kalmar da muke magana a kai.

Sai dai inda na fi so mai fassara da ɗalibi su buɗe ido shi ne wuraren da kalmar ta daina zama ta motsin rai, ta koma ma'auni mai lamba. A nan ne kuskure ke da tsada.

Hukumomin agaji suna auna yunwa da wani tsani mai hawa biyar da ake kira IPC, wanda aka fara ƙirƙira a Somaliya a 2004. A Afirka ta Yamma ana amfani da ɗan'uwansa, Cadre Harmonisé, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, kuma da shi ake fitar da alƙaluman da muke ji a kan Borno da Yobe da Adamawa, da Diffa da Tillaberi. Hawa na farko lafiya lau. Na biyu an fara matsuwa. Na uku shi suke kira crisis, inda gida ke tsallake cin abinci ko ya fara sayar da abin sana'a. Na huɗu emergency. Na biyar shi ne catastrophe. Gidan da aka sa a hawa na biyar gida ne da ya sayar da akuya, ya sayar da garma, ya ci irin shuka, ya ci bashi har babu mai ba shi, kuma duk da haka babu abin sawa a baki, mutuwa ta fara shiga. To amma ga inda ake ruɗewa: catastrophe a wannan tsani gidaje take siffantawa, ɗaya-ɗaya. Kafin a ce yanki guda ya faɗa famine, wato yunwar da aka ayyana a hukumance, sai abu uku sun haɗu. Aƙalla gida 20 cikin 100 suna wannan hali, aƙalla yara 30 cikin 100 na fama da tamowa mai tsanani, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. A garin mutum 100,000, gawa 20 ke nan kowace rana ta Allah. An ayyana haka a Somaliya a 2011, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum kusan 260,000, da wani sashe na Sudan ta Kudu a 2017, da sansanin Zamzam kusa da El Fasher a Sudan a Agustan 2024, da Gaza a Agustan 2025.

Saboda haka idan rahoto ya ce mutum kaza suna cikin catastrophe, ba marubucin ne ya ji tausayi ya zaɓi babbar kalma ba. Hawa ya faɗa. Mai fassarar da ya mayar da crisis da emergency da catastrophe duk "mawuyacin hali" ya rushe tsanin ya bar mai sauraro a ƙasa. Wanda kuma ya ji catastrophe ya ce "an ayyana yunwa a jihar" ya ƙara gishiri, kuma gobe gwamnati za ta fito ta ƙaryata, ta yi gaskiya a kan kalmar, mutanen da ke mutuwa kuma su bi ruwa tare da kuskurensa. Ni abin da nake yi shi ne in faɗi lambar: mataki na biyar, wanda shi ne na ƙarshe, inda mutane suka fara mutuwa da yunwa. Ya fi tsawo, amma mai sauraro ya san inda yake.

Fannin lafiya ma yana da tasa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun daɗe suna kiran kuɗin magani catastrophic idan abin da gida ya biya daga aljihunsa ya wuce kashi 10 cikin 100 na duk abin da yake kashewa, akwai kuma layi na biyu a kashi 25. Gidan da ke cin naira miliyan 2 a shekara, idan asibiti ya cinye fiye da 200,000, ya tsallaka layin. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, wannan ba baƙon abu ba ne. Kowa ya san gidan da wankin ƙoda ya cinye wa fili, ko tiyatar haihuwa ta raba da shanun huɗa. Babu jaridar da za ta buga, babu hukumar da za ta kawo katifa da buhun shinkafa, amma masana sun ga dacewar ba shi kalma ɗaya da Chernobyl. Ina ganin sun yi daidai. Maras lafiya ya warke ko bai warke ba, abin da gidan ke ɗebo ruwa da shi ya tafi.

Injiniyoyi idan suka ce catastrophic failure, suna nufin abu ya karye gaba ɗaya a lokaci guda, ba tare da ya ba da damar gyara ba. Kumbon Challenger na Amurka, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa a Janairun 1986 da mutum bakwai a ciki, shi ne misalin da ake bayarwa a aji. Madatsar da ke yoyo shekara da shekaru tana lalacewa ne. Daren da ta buɗe baki ɗaya, kamar biyun da suka ɓalle a kan birnin Derna na Libiya a Satumban 2023, shi ne wannan. A Ostireliya, bayan gobarar dajin da ta kashe mutum 173 a Fabrairun 2009, an ƙara hawa mafi tsanani a ma'aunin haɗarin gobara aka sa masa suna catastrophic, kuma ma'anarsa ga mazauna daji ita ce a tashi a bar wurin, kada a tsaya kare gida. 'Yan inshora kuwa har kasuwa suka buɗe a kai. Bayan guguwar Andrew ta daki Florida a 1992 ta durƙusar da kamfanonin inshora da dama, aka ƙirƙiro takardun lamuni da mai zuba jari ke cin riba mai tsoka idan shekara ta wuce lafiya, ya rasa uwar kuɗinsa idan bala'in ya sauka. Suna gajarta sunan su ce cat bond. Na taɓa ganin wanda ya ɗauka maganar kyanwa ake yi.

Akwai wani tarko da ya shafi mu da ke zaune a bakin iyaka biyu. A Faransanci ma akwai kalmar, rubutu ɗaya, amma su "katastrof" suke cewa, ba sa kiran e ɗin. Ashe ɗan yayan nawa Faransanci ya yi bai sani ba. Kuma a wurinsu ita ce kalmar yau da kullum, ita ke yin aikin da disaster ke yi a Turanci. Abin da Ingilishi ke kira natural disaster, Bafaranshe catastrophe naturelle yake cewa, kuma tun 1982 Faransa ke da doka mai wannan suna da ke buɗe ƙofar biyan diyya idan ambaliya ta ci ƙauye ko da guda ne. Shi ya sa a Nijar aka taɓa sa kalmar a jikin sunan ma'aikatar kula da agaji, alhali takwararta ta Najeriya, NEMA, wadda aka kafa a 1999, emergency ke cikin sunanta, disaster kuma ke cike da takardunta. Ɗan Maraɗi da ya yi boko da Faransanci, idan ya koma rubutu da Turanci, zai riƙa zuba catastrophe a inda Bature zai ce disaster, sai rahotonsa ya fito da zafin da bai nufa ba. Ɗan Katsina da ke karanta rahoton Nijar da aka fassara sama-sama kuma zai ɗauka ƙasar ta kife, alhali kwalbati ne ya karye ruwa ya ci gidaje goma.

Wajen sa ta cikin jimla, abokan tafiyarta sanannu ne. Ana kauce mata, avert a catastrophe. Ana tsayawa a bakinta, on the brink of catastrophe, kuma a nan galibi ba a sa 'yar kalmar nan ta Turanci "a" a gabanta, domin halin ake nufi ba aukuwa guda ba. Abu na ƙarewa da ita, end in catastrophe. Idan za a faɗi wanda ta faɗa wa, for ake sawa: a catastrophe for farmers. Kurakuran da na fi gani a rubutun ɗalibai biyu ne. Na farko a ɗauki siffa a matsayin suna, a rubuta a catastrophic happened. Siffar tana bukatar abin da za ta jingina da shi, ambaliya ce ko gobara. Na biyu a ce very catastrophic. Kunnen Bature ba ya son wannan, kamar yadda namu ba zai so "ya mutu sosai" ba. Abin da ya kai ƙarshe ba a ƙara masa.

To amma kada ɗalibi ya firgita idan ya ji Baturiya ta ce girkinta na jiya catastrophe ne, ko mai sharhin ƙwallo ya kira kuskuren gola haka. Zuzutawa ce, kuma mu ne ƙarshen waɗanda za su yi musu dariya. Mu da muke cewa yarinya tana da bala'in kyau, miya ta yi masifar daɗi, maƙwabciya kuma masifaffiya ce don kawai tana da faɗa? Kalmar da ke sa a yi salati ita muke yaba shadda da ita. Bambancin dai shi ne wurin faɗa. A hira ta wuce. A takardar jarrabawa ko rahoton aiki, wanda ya kira jinkirin albashi na mako ɗaya catastrophe ya harba babbar bindigarsa a kan ɓera, kuma ranar da giwa ta fito ba shi da sauran harsashi. Masana halayyar ɗan Adam ma sun cire fi'ili daga kalmar, catastrophize, wanda ake danganta yaɗuwarsa ga Ba'amurken nan Albert Ellis, don siffanta mutumin da ciwon kai kaɗan zai sa ya fara tunanin wa zai riƙe masa marayu.

Da na kai nan, ɗan yayan nawa ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ta Maiduguri wace ce a ciki?"

Na ce ya danganta da wanda ka tambaya. Birnin ya ga irin wannan a 1994, daga wannan madatsar dai, ya tashi, kuma wannan karon ma ruwa ya janye, an kwashe laka, kasuwa ta sake ci. Idan birnin kake nufi, disaster ta isa, babba ƙwarai. Amma ka tuna Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023. Akwai 'yan kasuwar da suka ci bashi suka sake zuba kaya bayan gobarar, wata 19 kacal ruwa ya zo ya same su, ya bi su har gida ya ɗauki abin da ke ɗaka. Idan ɗaya daga cikinsu kake rubutawa a kai, sa ɗaya kalmar, kuma ka kira e ɗin ƙarshe.